Kwalbar Fitila

A Jega, bayan tasha,
shagon Arzika mai gyaran rediyo,
daren Laraba ba a neman kowa a gida.
Talabijin baƙi-da-fari,
batirin tifa a ƙarƙashin benci,
eriya bisa gora, sai an lallashe ta gabas take yarda.
Manya su ba da sule-sule,
mu yara mu biya da ɗiban ruwa.

Na kalli wasan nan ya fi a ƙirga,
amma dare ɗaya ne ya tsaya mini a wuya
kamar ƙayar kifi:
daren da akwatin kuɗin 'yan albasa ya yi ƙafa.

Gari bai gama wayewa ba
Sufeto Namakka ya iso a kan keke.
Ba bindiga, ba tsawa,
hula a karkace, aljihu cike da gyaɗa.
An riga an ɗaure maigadi,
tsoho mai tari, yana rantsuwa ba mai saurare.
Ma'aji na kuka har rawani ya warware:
"Da asuba na tarar da ƙofa a wangale,
tun tsakar dare aka yashe mu!"

Sufeto bai dubi kwaɗo ba.
Bai bi sawu ba.
Ya ɓare gyaɗa, ya hure ɓawo,
ya kai bayan hannu jikin kwalbar fitila,
ya janye,
kamar wanda ya kori ƙuda.
Daƙiƙa biyu, wallahi ba ta kai uku ba.
A kan janye hannun nan
zan ba da duk harbe-harben da aka yi a akwati
daga ranar zuwa yau.

Sai hoto ya fara tsukewa.
Fuskarsa ta koma ƙwayar gero
a tsakiyar gilashi, ta mutu.
Batir ya ƙare.

Salati ya tashi. Wani ya zagi Arzika har kakansa.
Dandare direba ya ce ɗan maigadin ne.
Malam Nomau ya ce sam, sakatare ne,
mai tabarau a wasa bai taɓa zama na kirki ba.
Gwaggo Ige tana tuyar ƙosai a bakin ƙofa,
kallonta ta kan kafaɗa ne, tsakanin juyi da juyi.
Ba ta ko ɗago ba:
"Mai kukan ga na.
Hitilad da anka kashe tsakad dare
ba ta wayuwag gari da zahi."
Aka fashe da dariya.
"Gwaggo, ƙosanki na ƙuna."

Ba a sake nuna shi ba.
Laraba ta zagayo da wani laifin daban,
muka yi gemu da gardamarmu.

Bara ɗan ƙanwata ya miƙo mini waya:
"Kawu, ba wannan ne kake damun mu da shi ba?"
Hoto na rawa, murya a shaƙe,
amma ga keken, ga gyaɗar.
Numfashin da na riƙe shekara talatin da shida
ya ƙi fita.
Sufeto ya kwance igiyar da hannunsa,
ya juye wa tsoho sauran gyaɗar a tafi,
sannan ya juya, murya ƙasa-ƙasa:
"Alhaji, ara mini yatsunka."
Ya sunsuna.
Kananzir.

Da la'asar na taka bayan tasha.
Shagon Arzika yanzu cajin waya ake.
Gwaggo ta rasu shekarar babbar ambaliya,
ba wanda ya ce mata ta ci gari.
Cikin duwatsun murhunta saura biyu,
an tokare kwanon rumfa da ɗaya.
Na durƙusa, yara na kallona,
na kai bayan hannu jikin ɗayan.

Na sani, rana ce,
ranar Jega ba ta barin dutse.
Amma da ɗumi.